Darasi: Inji Bawa Ne, Ba Ubangida Ba

'Yan'uwa cikin Almasihu, darasinmu na wannan wata ya shafi aiki, da injunan da ke karɓe shi daga hannun mutane. Kafin mu ci gaba, sai mu karanta Farawa 2:15 da Matiyu 20:1-16.

Misali yana nan a ƙofar gidanmu. A Tudun Wada aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, inda ake buga littattafai da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. A wancan zamani, jera haruffan dalma sana'a ce da mutum kan yi shekaru yana koyo. Yanzu yaro ɗaya da kwamfuta kan shirya littafi sukutum. Haka tafireta ta kau, injin niƙa ya rage wa mata daka, keken surfani kuma yana gasa da masu ɗinkin hannu na birnin Zariya.

To, mu ƙi inji ke nan? A'a. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002. Ba sabon inji ne ya kori ma'aikatanta ba. Cikin abubuwan da suka durƙusar da masaƙun Kaduna akwai tsufan injuna, da ƙarancin wutar lantarki, da yadi mai araha da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya. Ashe rashin inji ma yakan kashe aiki, gama wanda kayansa suka fi tsada ba ya daɗewa a kasuwa.

Ikkilisiya ta daɗe tana magana a kan wannan. A 1891 Paparoma Leo na 13 ya rubuta wasiƙar Rerum Novarum, ya nemi a biya ma'aikaci albashin da zai riƙe iyalinsa. A 1981 Paparoma John Paul na 2, wanda ya ziyarci Kaduna a 1982, ya rubuta Laborem Exercens. Ya koyar cewa inji abokin aiki ne, amma yakan zama magabci idan ya ture mutum gefe, kuma ma'aikaci yana gaba da jari. A 2025 Paparoma Leo na 14 ya ce ya zaɓi sunansa ne yana tunawa da Leo na 13, domin ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta ta kawo sabon gwaji ga aiki da darajar ɗan Adam.

A misalin da muka karanta, mai gonar inabi ya fita har sau biyar yana neman waɗanda ba wanda ya ɗauka. Wannan shi ne aikinmu. Wanda ya sayi inji, kada ya fara da sallama. Ya fara koya wa yaransa sarrafa shi. Iyaye, kada mu raina koyon gyaran inji, ko waya, ko lantarki. Majami'unmu kuma su haɗa matasa marasa aiki da gwanayen da ke cikinmu, su tallafi dattawan da sana'arsu ta shuɗe.

Tambayoyi don tattaunawa: Wace sana'a ce ke ɓacewa a unguwarmu? Wa za mu koya wa sabuwa a bana?

Yusufu Mai Tsarki, ma'aikaci, ka yi addu'a dominmu. Amin.