Haƙƙin Maƙwabci Wanda Ba Musulmi Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Maƙwabcinka ko da ba shi salla da alwala,
In yunwa ta kama shi, kai ne da alhaki.

Sharhi: Ya ɗan'uwa, ka sani haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya ga Musulmi kaɗai ba. A shekarar 2019 Shehu Usman Nuhu Sharubutu, babban limamin Gana, ya ziyarci cocin Katolika a Accra ranar Ista. Wasu suka yi suka. Na ce musu: ziyara daban, bauta daban, ku duba aya ta 8 cikin Suratul Mumtahana. Zakka tana da masu ita. Amma sadakar ganin dama, in muna rabon abinci a Nima, ba mu tambayar mayunwaci addininsa. Wallahu a'alamu.