Yadda za ka gyara launi ɗaya kaɗai a hoton mizmar

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton mizmar a biki a nan Rusaifa ya san matsalar: fitilun LED masu shuɗi da shunayya suna zuba a fuska, fata ta koma kamar toka, farar jallabiya ta rine. Mizmar, rawar sanda da ganga ta Hijaz da UNESCO ta sa a jerinta a 2016, wasa ne mai sauri, ba wanda zai tsaya ka canza fitila.

Ga yadda nake yi a Lightroom na waya:

1. Ka ɗauka a RAW in wayarka na yi. JPEG ya riga ya zubar da bayanan launi da yawa.
2. Fara daidaita White Balance da farar riga.
3. Shiga Color Mix, akwai launuka 8. Rage ƙarfin shuɗi da shunayya kaɗan-kaɗan.
4. Fatarmu tana cikin ruwan lemo da ja ne. Ɗaga hasken ruwan lemo kaɗan, amma kar ka wuce gona da iri, mutum ya fito kamar ya shafa mai na bilicin.

In Snapseed kake da shi, Selective zai ba ka damar taɓa fuska kaɗai, kyauta.

Kafin ka ɗora, nemi izinin masu hoton, don dokar Saudiyya ba ta wasa da wannan. Mako mai zuwa sai bidiyon.