Ki Ƙarasa Bargon Nan, 'Yata

'Yata, zo ki zauna mu yi maganar ƙullin ƙyallayen nan da ke ƙasan akwatinki. Kin fara aikin da zafinki bayan rasuwar mahaifiyarki, Allah Ya jiƙanta, kina yanka zannuwanta kina jerawa, kika ce bargon ƙyallaye za ki yi irin wanda kika ga matan Amurka suna ɗinkawa. Kin ci fiye da rabi. Daga nan sai karatu, sai aure, sai goyo. In an tambaye ki sai ki ce babu lokaci, ko ki ce shuɗin yadin da kike sa wa gefe ya ɓace a kasuwa. Ban ƙaryata ki ba. Amma ankon biki nawa kika ɗinka wa ƙawayenki a tsakanin nan? Kuma ban ji an ce Kantin Kwari ya rasa shuɗi ba.

Ina jin na san abin da ya riƙe hannunki. Muddin akwai sauran ƙyalle ɗaya da ba a haɗa ba, ji kike kamar akwai sauran hira tsakaninki da ita. Kina tsoron ranar da za ki yanke zaren ƙarshe, ki ga babu kuma abin da ya rage ki yi mata da hannunki. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma ba a kanki aka fara ba. Sai dai ita addu'a take buƙata, addu'a kuwa ba ta ƙarewa don ɗinki ya ƙare. Shi yadi ba ya jiran kowa. Asu na nan, laimar damina na nan, kuma duk zanen da ya daɗe a ninke wuri ɗaya, daga kan ninkin yake fara tsagewa.

Tunda daga Amurka kika ɗauko sana'ar, bari in ba ki labarin masu ita. A jihar Alabama akwai wani ƙauye da ake kira Gee's Bend, inda kogi ya yi gwiwa ya kusa kewaye gari. Mazaunansa baƙaƙen fata ne, jikokin bayin da suka noma auduga a wurin, kuma da yawansu har yau Pettway ne sunan gidansu, sunan mutumin da ya mallaki gonar da kakanninsu a tsakiyar ƙarni na 19. A da gidajensu na katako ne, sanyi yana shiga ta ko'ina, ga babu kuɗin sayen bargo. Sai matan suka riƙa tara duk abin da ya mutu a jiki, wando da riga da buhun gari, suna haɗawa. A 1942 wata mata a cikinsu, Missouri Pettway, ta yi wani bargo da ake ta maganarsa har yanzu. Mijinta Nathaniel ya yi jinya wata takwas ya rasu. Ta kwaso kayan da yake zuwa gona da su, kaf abin da ya mallaka, sai ga shi iyakarsu bargo ɗaya. 'Yarta Arlonzia, wadda a lokacin budurwa ce, ita ta taya ta yagawa, ita kuma ta ba da labarin daga baya: ƙafar wando ƙasa tsuke take sama da faɗi, sai uwar ta sa ta rage faɗin don tsagin ya daidaita. Abin da matar nan ta ce tana so shi ne ta tuna da shi, ta kuma lulluɓa da shi.

Ki kula da wannan na ƙarshe. Don lulluɓa ta yi, ba don ajiya ba. Ba ta nemi ta ɓoye koɗewar yadin ko tabon gona ba, ba ta jira sai ta samu launin da ya dace ba. Bayan shekara 60, a 2002, aka baje bargunan ƙauyen nan a manyan gidajen zane na Houston da New York, masana suka yi ta jinjina kai, a 2006 har hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunansu a kan tambarin wasiƙa. Da an ce wa matan nan haka za a yi, da dariya za su yi. Sanyi suke kora.

Akwai kuma wata, Jane Stickle, Baturiya ce a jihar Vermont. Ita nata aikin ƙwanƙwance ne: murabba'i 169, jeri 13 kowane jeri 13, kowanne da nasa zane, sannan ta kewaye su da masu kusurwa uku guda 52. Da ta gama sai ta ɗinka sunanta a kusurwa ɗaya, ta sa shekarar 1863, ta rubuta cewa a lokacin yaƙi aka yi shi, wato yaƙin basasarsu, ta kuma sa adadin ƙyallayen, 5602. Bargon yana gidan tarihi na Bennington, kuma 'yan makonni kaɗai ake fito da shi a shekara don kada haske ya cinye shi. Tun da wata mata mai suna Brenda Papadakis ta fitar da littafin kwaikwayonsa a 1996, mata a ƙasashe da dama suke gwada irinsa. Wasu su shekara da shekaru su kai ƙarshe, wasu kuma nasu yana ƙasan akwati kamar naki. Ni abin da ya fi burge ni ba yawan ƙyallayen ba ne. Ɗan rubutun kusurwar nan ne, don ba don shi ba da ba wanda zai san hannun wa ya yi.

To, kafin ki sake ɗaukar almakashi, akwai maganar da su can ba lallai su yi ba, mu kuwa dole. Tufafin mamaci dukiyar gado ce, komai tsufansu. In zannuwan da kika yanka rabonki ne, shi ke nan. In kuwa kin kwaso ne a ruɗanin kwanakin makoki, kowa ya yi shiru don kunya, ki koma ga 'yan'uwanki ki nemi su yafe miki da bakinsu. In a cikin magada akwai wanda yake ƙarami a lokacin, ki tambayi malami yadda za a fitar masa da haƙƙinsa. Kada ki ji nauyin wannan. Sau da yawa daga nan ne ma za ki ji yayarki ta ce ai akwai ɗankwalin Inna a wurina, ki haɗa da shi.

Sai aikin kansa. Ki share tsakar ɗaki, ki shimfiɗa tabarma, ki baje duk abin da kika yi ki dube shi a tsaye. Za ki ga bambanci, kada ya firgita ki. Layukan farko sun karkace, kusurwoyi ba su haɗu ba, ɗinkin ya yi tsalle-tsalle, na baya kuwa sun miƙe don hannunki ya faɗa. Zuciyarki za ta ce ki farke na farkon. Kada ki yarda. Yarinyar da ta ɗinka su tana ɗinki ne hawaye na hana ta ganin kafar allura, ki bar mata aikinta. Wanda za ki gyara kaɗai shi ne inda ɗinkin ya saki ko yadin ya yi sharara har kina hango yatsanki ta ciki. Irin wannan ki sa masa wani siririn yadi ta baya ya tallafe shi.

Shuɗin da ya ƙare kuma, ki sa wani shuɗin. Ki dai wanke sabon yadi tukuna, don sabo yana tsukewa in ya sha ruwa, tsoho kuwa ya gama tsukewarsa tun tuni, in kika haɗa su haka wankin farko zai tattare miki bargo. Ki gwada ko yana zuba: jiƙa gefensa ki goga a farin ƙyalle. Jan atamfa mai zuba guda ɗaya ya isa ya ɓata farar shaddar da mahaifiyarki take sawa ranar Juma'a.

Bargon nan hawa uku ne: fuskar ƙyallaye a sama, abin ɗumi a tsakiya, shimfiɗar baya a ƙasa. Mu nan ba ƙanƙara ke sauka ba, tsohon zanen gado mai laushi ya isa tsakiya, ya kuma fi saurin bushewa. Ki ja su su miƙe, ki kama su da dogon ɗinki na wucin gadi daga tsakiya zuwa gefe, kullum daga tsakiya, in ba haka ba yadi zai taru miki a ciki ya yi tudu. In ɗinkin hannu layi-layi ya yi miki yawa, akwai hanyar da su ma suke bi: a soka zare mai kauri ya ratsa hawa ukun a ƙulle, a bar tazarar faɗin tafin hannu a sake wani. Ba ragwanci ba ne, kuma yana riƙewa.

Wannan matakin kada ki yi shi ke kaɗai. Matan Gee's Bend kowace a ɗakinta take haɗa fuskar bargonta, amma in an zo ɗinke hawa ukun sai su taru su kewaye shi, suna ɗinki suna waƙoƙin cocinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki kira yayyenki da ƙannenki da gwaggonki wata Asabar, ki dafa musu ko dambu ne. Za ki sha mamaki. Gwaggo za ta ɗora yatsa kan wani koren ƙyalle ta ce wannan a lefen mahaifiyarki ya zo, wancan kuma shi ta ɗaura ranar sunanki, har ta ba ku labarin rigimar da aka yi kan kuɗinsa. Ke kin san zanen, ba ki san tarihinsa ba, kuma masu sanin suna raguwa. Ki sa ƙanwarki ta riƙe biro da takarda.

In an kalmashe baki an gama, ki yanki farin ƙyalle ki ɗinka a kusurwar baya: sunan mahaifiyarki, naki, garinku, shekarar da kika fara da wadda kika gama. Ki sa duka biyun, kada tazarar ta ba ki kunya. Da zare za ki rubuta, tawada tana gogewa. Sannan ki shimfiɗa shi a gado, yara su hau, in hunturu ya zo su shige ciki. Wanki da ruwan sanyi da sabulu marar kaifi, ban da matsa da ƙarfi, shanya kuma a inuwa. In ya yage ki yi masa faci da zanenki.

Ragowar ƙyallayen kada ki mayar da su akwati. Za su yi rigar filo biyu ko uku, ki raba wa waɗanda suka taya ki, ki fara da gwaggo.