DARASI: YADDA MUTANEN YAKUT SUKA RIƘE SANA'AR KAKANNINSU

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ɗalibai, kun karanta a Suratul Hujurat, aya ta 13, cewa Allah Ya yi mu kabila-kabila ne domin mu san juna. To yau za mu san wata kabila mai nisa, wato Yakut, waɗanda ke kiran kansu Saha.

Suna zaune ne a Saiberiya, cikin ƙasar Rasha. Yankinsu ya fi Nijeriya girma sau uku, babban birninsu kuwa shi ne Yakutsk, a bakin kogin Lena. Sanyin wurin ba a cewa komai. A garin Oymyakon, a shekarar 1933, ma'aunin sanyi ya kai digiri 67.7 ƙasa da sifiri. Duk da haka makiyaya ne, suna kiwon dawaki da shanu.

Ƙasar ba ta yin auduga, shi ya sa suka koyi aiki da abin da Allah Ya hore musu. Mata kan jeme fata su ɗinka riguna da dogayen takalma, zarensu kuwa jijiyar dabba ce. Akwai wani itace mai farin ɓawo a dajinsu. Sai su ɓare ɓawon, su ɗinke shi da gashin doki, ya zama mazubin nono, ɗinkin kansa kuma ya zama ado. Mayafin sirdi, wanda suke kira chapparaak, su yi masa surfani da zare mai launi da duwatsun ado. Maƙeransu na ƙera wa mata dogon adon azurfa mai sauka bisa ƙirji, masassaƙa kuma na sassaƙa choron, ƙoƙon itace na shan nonon goɗiya. A addininsu na gargajiya sun ɗauka wasu zane-zanen na kare mutum daga sharri. Mu dai mun san tsari na Allah ne Shi kaɗai. Abin koyi a nan shi ne ƙwazonsu.

To, ina matsalar ta shigo? A zamanin Tarayyar Sobiyet an tattara makiyaya cikin gandayen gwamnati, tufafin masana'anta suka yawaita, aka daina ƙarfafa al'adun da. Tsofaffin kaya da yawa suka koma gidan tarihi. Ku lura, yara, rigar da ke cikin gilashi ba ta koya wa kowa riƙon allura. Idan tsohuwa ta rasu ba ta koya wa jikarta ba, ilimin ya bi ta kabari.

Da Sobiyet ta rushe a 1991, sai suka tashi tsaye. Mata suka riƙa duba kayan gidan tarihi suna kwaikwayon zanen, suna tambayar tsofaffin da suka rage, suna koya wa yara. Bikinsu na Ysyakh, da ake yi a watan Yuni, ya zama ranar fitowa da kayan gargajiya, masu ɗinki suka sami kasuwa. A 2005 kuma hukumar UNESCO ta sanya Olonkho, dogayen labaransu na baka, cikin manyan kayan gadon 'yan Adam.

Ya ɗalibi, sana'a ba abin kunya ba ce. Annabi Dawuda, Alaihis Salam, sulke yake ƙerawa, daga aikin hannunsa yake ci. Hausawa sun ce sana'a goma maganin mai gasa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye, a ba yara dama su zauna kusa da masu sani.

AIKIN GIDA

1. Da me matan Yakut ke ɗinke ɓawon itace?
2. Me ya sa ajiya a gidan tarihi kaɗai ba ta isa ba?
3. Nemi wani babba a gidanku mai ɗinkin hula, ko saƙar faifai, ko dukanci. Tambaye shi wa ya koya masa, da sunayen kayan aikinsa, ka rubuto wa Malam ranar Asabar.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.