Darasi: Ƙauyen Da Katanga Ta Raba Biyu

Jama'a, yau za mu leƙa ƙasar Jamus. A can akwai wani ɗan ƙauye mai suna Modlaroit, kusa da garin Hof. Mutanensa ba su fi 50 ba. Wani ƙaramin rafi ya ratsa tsakiyarsa. Ko yaro yana iya tsallake shi.

Tun 1810 rafin nan ya zama iyaka tsakanin sarakuna biyu. Amma wannan bai dami mutanen ƙauyen ba. Makarantarsu ɗaya, kuma suna zumunci.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1949, Jamus ta rabu biyu: ta Gabas da ta Yamma. Sai iyakar ta bi ta kan rafin. A 1952 aka kafa shingen katako. A 1966 aka gina katangar siminti mai tsawon mita 700. Sojoji suna gadi dare da rana. Mutum yana hango rufin gidan ɗan'uwansa, amma ba halin gaisawa.

A watan Disamba na 1989 aka buɗe hanya a katangar. A 1990 aka rushe ta, aka bar wani ɓangare don tunawa.

Yanzu ana noma da kiwo a yankin. Baƙi kuma suna zuwa kallon ragowar katangar da gidan tarihin ƙauyen.

Mu riƙe zumunci. Gina katanga ba wuya, rushe ta ne aiki.

Tambayoyi
1. Me ya ratsa tsakiyar ƙauyen?
2. Yaushe aka gina katangar siminti?
3. Me ke kawo baƙi ƙauyen yanzu?