Makaho Ba Sai Bara Ba

Mutane da yawa idan sun ga makaho, sai su ɗauka ba shi da wata sana'a sai bara. An daɗe ana faɗin haka, har yara suka tashi suna tsammani gaskiya ce. Amma mai wannan magana bai bincika ba. Ya ga makafi biyar ko shida a bakin kasuwa, sai ya yi wa sauran duka kuɗin goro. In aka tambaye shi makaho nawa ya taɓa zama da su, sau da yawa sai a tarar ko ɗaya babu, ji kawai ya yi.

Tun zamanin da, makafin ƙasar Hausa sun shahara wajen tufkar igiya. Akwai kuma mahaddata Alƙur'ani a cikinsu, waɗanda masu ido ke ɗaukar karatu wurinsu.

A ƙasar Faransa an yi wani yaro, sunansa Louis Braille. An haife shi a 1809. Ubansa baduku ne, mai ɗinkin kayan doki. Yana ɗan shekara 3 ya soke idonsa da basilla, daga baya ya makance sarai. Duk da haka aka sa shi makaranta. Yana shekara 15 ya ƙago rubutun makafi. Kowane harafi ɗigo-ɗigo ne masu tudu, ba sa wuce 6, da yatsa ake shafawa a karanta.

Wannan rubutu ya bazu ko'ina cikin duniya. A 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, aka shiga koya wa yara shi, tare da lissafi da sana'ar hannu.