Na'urar Auna Iskar Taya: Dalilin Sauya Ta Tare da Sabuwar Taya

A jikin ɗan Adam akwai wasu ƙananan jijiyoyi a bangon manyan hanyoyin jini na wuya, waɗanda aikinsu shi ne auna ƙarfin bugun jini su kai wa ƙwaƙwalwa labari. Motocin zamani ma an yi musu irin wannan tanadi. A cikin kowace taya, a gindin bawul, akwai wata 'yar na'ura da ake kira sansa. Ita ce ke auna matsin iska, ta aika da saƙon rediyo zuwa kwamfutar mota. Idan iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari na abin da kamfani ya ƙayyade, sai wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba.

Asalin wannan tsari shi ne haɗurran da suka auku a Amurka sakamakon fashewar tayoyin Firestone a kan motocin Ford Explorer. A shekarar 2000 majalisar ƙasar ta yi doka, kuma daga watan Satumba na 2007 ya zama wajibi kowace sabuwar ƙaramar mota ta zo da na'urar. Tarayyar Turai ta bi sahu a watan Nuwamba na 2014. Don haka da yawa daga cikin motocin hannu da ake shigowa da su Nijeriya suna ɗauke da ita.

Me ya sa ƙarancin iska ke da haɗari? Tayar da ba ta cika ba, gefenta yakan riƙa lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi. Wannan yana haifar da zafi, zafin kuma yana raba roba da wayoyin da ke cikinta, har taya ta fashe. Direban da ya taso daga Badafi a Ƙaramar Hukumar Ƙiru, ya bi ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, zai yi tafiya mai nisa ba tare da ya ga mai faci ba. A irin wannan hanya, gargaɗin fitila na iya zama sanadin tsirar rayuka.

To amma sansa ba ta dawwama. Batirinta a liƙe yake a cikinta, kuma yakan yi shekara 5 zuwa 10 kafin ya mutu. Motar da aka ƙera a 2010, alal misali, batirin sansarta ta asali ya riga ya ci wa'adinsa. Ba a kuma isa ga na'urar sai an raba taya da rim. Wannan shi ne dalilin da ya sa ranar sayen sababbin tayoyi ita ce ranar da ta fi dacewa a duba ta: aiki ɗaya, kuɗin aiki ɗaya. Idan sansa ta tsufa, a sauya ta. Idan da sauranta, a sauya robar da ke toshe bakin bawul kawai. A kuma ja kunnen mai faci ya yi hattara, domin ƙarfen da yake ɓamɓare taya da shi yana iya fasa ta.

Wajen saye akwai abin lura. Yawancin motocin Amurka suna aiki da zangon rediyo na megahaz 315, na Turai kuwa 433. Sansar da ba ta dace ba, mota ba za ta ji saƙonta ba. Bayan an ɗaura sabuwa, wasu motocin sai an saita kwamfutarsu kafin ta gane ta. Akwai kuma motocin da ba su da sansa a taya sam, sai dai su gano raguwar iska daga saurin juyawar ƙafafu. Su waɗannan, saiti kawai suke bukata.

Fitilar kanta tana da harshe biyu. Idan ta kama ta tsaya, iska ce ta ragu. Idan kuwa ta yi ta ƙyaftawa kamar minti ɗaya sannan ta tsaya, na'urar ce ta sami matsala. Liƙe ta da salatif daidai yake da shan maganin ciwon kai alhali hawan jini na nan.

Aikin ɗalibai: dokar Gay-Lussac ta nuna cewa matsin iskar da ke rufe yana ƙaruwa gwargwadon zafinta. Tayar da geji ya nuna psi 32 a zafin digiri 15 na safiyar hunturu, za ta nuna kusan 36 idan zafi ya kai digiri 40. Ɗalibai su tabbatar da wannan lissafi, su tuna da ƙara psi 14.7 na iskar sarari, da mayar da digiri zuwa ma'aunin Kelbin. Daga nan su bayyana dalilin da ya sa ake auna iskar taya da safe, kafin mota ta yi tafiya.